Karnukan da ake haifa ba gashi: kamanninsu da kulawar da suke bukata

Tambaya: Na ga hotunan wasu karnuka da babu gashi a jikinsu, fatarsu sumul, wasu baƙaƙe, wasu masu dabbare-dabbare. Shin cuta ce ta zubar musu da gashi, ko kuwa haka aka halicce su? Idan jinsi ne, ina ganin za su fi sauƙin kiwo tunda babu gashin da za a taje, kuma za su fi dacewa da ƙasa mai zafi irin tamu. Haka abin yake?

Amsa: Malam, akwai karnukan da rashin gashi halittarsu ce, gadonsa suke yi daga iyaye, kuma lafiyarsu ƙalau. Amma zaton da ka yi cewa sun fi sauƙin kiwo, ko sun fi jure zafi, a nan ne zan saɓa maka, domin gashin kare ba ado ba ne kawai. Shi ke kare fata daga rana, shi ke tsare ɗumin jiki da dare, shi ke tare ƙaya da cizon ƙwari, kuma duk karen da aka haifa ba shi, wannan aikin gaba ɗaya ya koma wuyan mai shi. Wahalar da aka huta ta taje gashi takan dawo ta hanyar kula da fata da haƙora, kuma sau da yawa ta fi ta farko yawa.

Ya kamata a fara raba halitta da cuta, saboda kusan duk karen da za ka gani a unguwa ko a bakin kasuwa gashinsa ya zube, ba jinsi ba ne, maras lafiya ne. Mafi yawan lokaci ƙazuwar karnuka ce, wadda wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani suke haddasawa. Iri ɗaya yana haƙa rami a cikin fata, ya sa ƙaiƙayi mai tsanani, ya fara daga gefen kunne da gwiwar hannu da ciki, kuma yana iya taɓa mutumin da ke mu'amala da karen, ko da yake ba ya daɗewa a jikin ɗan Adam. Ɗaya irin yana zama a ramin gashi, ya fi kama ƙananan karnuka da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, ya fara cin gashin kewayen ido da baki da ƙafafun gaba. Makero ma yana cin gashi a zagaye, haka nan wasu cututtukan da suka shafi sinadaran jiki sukan zubar da gashin ɓangarorin biyu daidai wa daida. A duk waɗannan fata takan nuna alama: ta yi ja, ko ta yi kauri da ɓawo, ko ta yi wari, karen yana susa ba hutu, kuma an san shi da gashi a da. Wanda aka haifa ba gashi fatarsa lafiyayya ce, mai laushi, ba ya susa, kuma haka yake tun yana ɗan kwikwiyo. Mai ƙazuwa likitan dabbobi yake bukata, wanda zai kankari fatar ya duba a madubin likita ya ba da magani, kuma cutar tana warkewa. Ina roƙon duk mai karanta wannan da kada ya shafa wa irin wannan kare baƙin man mota kamar yadda wasu ke yi, domin yana ƙona fata, kuma idan karen ya lasa guba ne.

Jinsunan marasa gashi da manyan ƙungiyoyin rajistar karnuka suka amince da su guda 4 ne. Uku daga cikinsu tushensu ɗaya ne ta fuskar gado, na huɗun kuwa labarinsa daban.

Mafi daɗewa a tarihi shi ne na ƙasar Meksiko, wanda ake kira Xoloitzcuintli, a taƙaice a ce Sholo. An tono mutum-mutumin yumɓu masu siffar karnuka a tsofaffin kaburbura na yankin Kolima da ke yammacin ƙasar, waɗanda shekarunsu suka kai kusan 2,000, kuma mutanen Aztek, waɗanda suka mulki tsakiyar Meksiko kafin zuwan Turawa, sun yi imani cewa kare ne ke yi wa ran mamaci jagora a lahira, shi ya sa ake binne shi tare da mutane. Sun kuma ci namansa a wasu bukukuwa. Bayan zuwan Sifaniyawa a ƙarni na 16 yawansa ya ragu ƙwarai, har ya rage sai a ƙauyuka masu nisa, kafin a 1954 wasu masu sha'awar karnuka ƙarƙashin jagorancin Norman Pelham Wright suka shiga ƙauyukan suka nemo 'yan kaɗan masu kyau aka sake gina jinsin a kansu. Masu zanen nan biyu na Meksiko, Frida Kahlo da mijinta Diego Rivera, sun yi kiwonsa, kuma ya fito a zane-zanensu. Babbar ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka ta taɓa yi masa rajista tun 1887, ta cire shi a 1959 saboda ƙarancinsa, sannan ta mayar da shi a 2011. A kamanni, Sholo kare ne mai ƙirar ƙarfi, mai faɗin ƙirji, da dogon wuya, da manyan kunnuwa a tsaye, da idanu masu ɗan tsawo, kuma goshinsa yakan tattare idan ya mai da hankali kan wani abu. Launinsa ya fi yawa a baƙi, da toka-toka mai duhu, da ruwan ƙasa mai ja, wani lokaci da farin tabo a ƙirji ko yatsu. Yana zuwa a girma uku: ƙarami mai tsayin santimita 25 zuwa 35 daga ƙasa zuwa kafaɗa, matsakaici har zuwa 45, da babba mai kaiwa 60. Sau da yawa yana da ɗan gajeren gashi mai kaushi a tsakiyar kai, da kan yatsu, da ƙarshen wutsiya. Fatarsa ta fi ta sauran kauri da juriya. Halinsa kuwa natsattse ne idan ya girma, mai manne wa mutanen gidansu, mai ɗari-ɗari da baƙo, amma kafin ya kai shekara 2 yana da ƙiriniya sosai, kuma gwani ne wajen haura katanga.

Na biyu shi ne na ƙasar Peru. An zana shi a jikin tukwanen al'ummomin Moche da Chimu da Chankay, waɗanda suka rayu a gaɓar tekun ƙasar tun kafin daular Inka ta mamaye yankin. Ƙungiyar rajistar karnuka ta duniya ta amince da shi a 1985, kuma a 2001 gwamnatin Peru ta yi dokar da ta ayyana shi a matsayin kayan tarihin ƙasa, har aka umarci wuraren tarihi da ke gaɓar teku su riƙa ajiye shi, shi ya sa mai ziyartar kufan Huaca Pucllana a birnin Lima zai iya ganinsa a can. Ya fi Sholo siranta da tsawon ƙafa, cikinsa a ɗame, ƙirarsa ta karen gudu ce, kuma shi ma girma uku ne, daga santimita 25 har zuwa 65. A cikinsu ana samun masu fata ruwan hoda da ɗigo-ɗigon duhu, waɗanda su ne rana ta fi yi wa illa.

Na uku shi ne wanda ya fi yawa a hotuna, ɗan ƙarami mai tukku, wanda ake kira Chinese Crested. Nauyinsa bai cika wuce kilo 5 da ɗan wani abu ba, tsayinsa kuma kusan santimita 30. Jikinsa tsirara ne, amma yana da dogon gashi mai santsi a kai wanda ke zubowa har wuya, da wani a ƙafafu kamar ya sa safa, da wani a wutsiya. Duk da an jingina shi da ƙasar Sin, siffar da aka san shi da ita yau masu kiwo a Amurka da Ingila ne suka daidaita ta a ƙarni na 20, kuma ƙungiyar Amurka ba ta yi masa cikakkiyar rajista ba sai a 1991. Fatarsa ta fi ta Sholo siranta, jikinsa kuma ƙarami ne, saboda haka shi ya fi kowa jin sanyi. Kare ne mai tsananin son zama kusa da mutum, wanda idan aka bar shi shi kaɗai tsawon yini yakan shiga damuwa, ya yi ta haushi ko ɓarna.

Abin da ya haɗa waɗannan uku shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ke bayyana kamanninsu da matsalolinsu gaba ɗaya. A 2008 masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Bern ta ƙasar Suwizalan suka gano cewa duka ukun suna ɗauke da canji iri ɗaya a wata ƙwayar gado da ake kira FOXI3, wadda ke da hannu wajen gina gashi da haƙora tun ɗan tayi yana ciki. Kasancewar canjin iri ɗaya ne sak a jinsuna uku yana nuna cewa daga kaka ɗaya suka gaje shi. Kowane kwikwiyo yana karɓar kwafi biyu na wannan ƙwaya, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan ya sami mai canji guda ɗaya da lafiyayya guda ɗaya, sai a haife shi ba gashi. Idan ya sami lafiyayyu biyu, sai ya fito da cikakken gashi. Idan kuwa ya sami masu canji biyu, ba ya rayuwa, tun farkon ciki yake lalacewa. Ma'anar wannan ita ce duk wani Sholo ko ɗan Peru ko mai tukku da ka gani ba gashi, yana ɗauke da ƙwayar gashi a ɓoye, kuma babu yadda za a yi a tace jinsin har ya daina haifar masu gashi. Idan aka haɗa marasa gashi biyu barbara, a lissafi kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan ba za su zo duniya ba, kashi biyu za su zo ba gashi, kashi ɗaya da gashi, wato cikin waɗanda aka haifa da rai kusan biyu cikin uku ne marasa gashi. Idan aka haɗa mai gashi da maras gashi, sai a sami rabi da rabi, kuma babu asarar ko ɗaya. Masu gashin 'yan jinsin ne cikakku, ba gauraye ba ne. Na Sholo gashinsu gajere ne a kwance, na mai tukku kuwa dogo ne mai laushi da ya rufe jiki duka, ana kiransu Powderpuff, kuma wanda bai sani ba ba zai yarda uwa ɗaya ta haife su ba.

Tunda ƙwaya ɗaya ke gina gashi da haƙora, bakin waɗannan karnuka ma ya sha bamban. Cikakken kare yana da haƙora 42, amma maras gashi sau da yawa ba ya cika su. Waɗanda suka fi ɓacewa su ne ƙananan matauna da ke bayan fiƙa, fiƙoƙin kansu kuma sukan fito sirara, masu tsini, sun karkato gaba, wasu haƙoran kuma saiwarsu gajeriya ce, suna saurin girgiɗa su faɗi. An lura da wannan alaƙa tun kafin a san dalilinta, domin Charles Darwin ya ambata a littafinsa na 1859 kan asalin jinsunan halittu cewa karnuka marasa gashi haƙoransu ba cikakku ba ne. 'Yan'uwansu masu gashi da aka haifa rana ɗaya suna da haƙora cikakku. Wannan ne dalilin da ya sa ake yawan ganin tsofaffin masu tukku harshensu a waje ta gefen baki: haƙoran da za su tare shi ne babu.

Na huɗu, American Hairless Terrier, sabo ne idan aka kwatanta da sauran. A 1972 wata karya daga jinsin ƙananan karnukan kamun ɓera ta haifi 'yar kwikwiya maras gashi a jihar Luwiziyana ta Amurka, Edwin Scott da matarsa Willie suka karɓe ta suka sa mata suna Josephine, kuma daga zuriyarta aka gina jinsin, wanda ƙungiyar Amurka ta amince da shi a 2016. Canjin da ke jikinsa a wata ƙwaya daban yake, mai suna SGK3, kuma sai kwikwiyo ya gaje shi daga uwa da uba duka kafin ya bayyana. Saboda haka marasa gashi biyu ba sa haifar mai gashi, babu ɗan tayin da ke mutuwa, kuma haƙoransu cikakku ne. Ana haifarsu da wani lallausan gashi wanda ke zubewa a hankali, kafin su kai mako 8 zuwa 10 ya ƙare, sai dai gira da gashin baki. Shi ne ya fi duka zama tsirara, ba tukku ba safa, kuma halinsa na kakanninsa ne: kuzari, tona rami, da bin duk abin da ya motsa. A Ajantina da Ikwado da Bolibiya ma akwai karnukan gida marasa gashi, amma ba su sami irin wannan rajista ba.

Yanzu ga batun zafi. Kare ba ya fitar da zafin jikinsa ta gumin fata kamar mutum. Hanyarsa ita ce haki, inda danshin harshe da maƙogwaro ke tafiya da zafin, sai ɗan gumi a tafin ƙafa. Rashin gashi bai ƙara masa wata sabuwar hanyar sanyaya jiki a tsakar rana ba, abin da ya yi shi ne cire shingen da ke tsakanin hasken rana da fata. Gashi yana tare hasken kafin ya isa fata, kuma iskar da ke maƙale a cikinsa tana rage saurin shigar zafi. Maras gashi mai baƙar fata yana zuƙar zafin rana kai tsaye, mai farar fata ko ruwan hoda kuma yana ƙonewa, fatar ta yi ja, ta yi zafi, ta saɓule. Idan ƙunar ta yi ta maimaituwa shekara da shekaru, fatar takan yi kauri da ɓawo, kuma tana iya rikiɗewa ta zama sankarar fata. Gaskiya ne fatar masu duhu tana ƙara duhu idan suna shan rana kaɗan-kaɗan, kuma hakan yana ba su ɗan kariya, amma fararen tabo ba sa yin duhu, haka za su zauna cikin haɗari har ƙarshen rayuwar karen. A ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, irin wannan kare ba shi da abin yi a waje daga hantsi har zuwa la'asar. A fita da shi da sassafe ko da yamma, a tabbatar akwai inuwa ta gaske da ruwan sha a duk inda yake, kuma idan dole ne ya fita da rana a sa masa riga mara nauyi ta auduga. Man kariya daga rana yana da amfani a kan hanci da kunne da gadon baya, sai dai a nemi wanda aka yi domin dabbobi, saboda yawancin na mutane suna ɗauke da sinadarin zinki ko dangin asfirin, kare kuma lashe duk abin da aka shafa masa yake yi. Wannan bayani ya shafi masu aske karnukansu masu gashi ƙwal da bazara da nufin taimaka musu: a taje a cire mataccen gashi, amma kada a aske har fata.

Sanyi kuma ya fi zafi saurin kama su. Wani malamin coci Basifane, Bernardino de Sahagún, wanda ya rubuta al'adun mutanen Aztek a ƙarni na 16, ya faɗi cewa suna lulluɓe waɗannan karnuka da mayafi da dare, kuma har yau bukatar ba ta canza ba. Daren hunturu a Kano ko Damagaram, inda sanyi ke sauka ƙasa da digiri 15, ya isa ya sa ƙaramin mai tukku karkarwa har gari ya waye, ɗaki mai na'urar sanyaya iska ma haka. Suna bukatar riga mai ɗumi, da shimfiɗa mai laushi, domin kwanciya a kan siminti tsirara tana sa musu kanta da gyambo a gwiwa da ƙugu. Wasunsu fatarsu ba ta shiri da ulu, don haka auduga ta fi aminci. A lokacin sanyi sukan ci abinci fiye da kima saboda jiki yana ƙona shi don samar da ɗumi, amma a lura kada su yi teɓa. Idan ka taɓa su za ka ji jikinsu da zafi, har mutanen Meksiko da Peru suka daɗe suna kwana da su domin ɗumama gaɓoɓi masu ciwo. Zafin jikinsu daidai yake da na kowane kare, wato digiri 38 zuwa 39, gashin da zai raba hannunka da fatar ne kawai babu. Ɗumin yana iya sa mai ciwon gaɓoɓi ya ji daɗi kamar yadda gorar ruwan ɗumi ke yi, amma ba ya warkar da sanyin ƙashi ko asma.

Daga nan za ka ga inda babbar matsalar take ga mai kiwo a wajenmu. Yawancin gidajen da ke ajiye kare suna ajiye shi ne domin gadi ko farauta ko tsaron dabbobi, yana kwana a tsakar gida ko a bakin garke, kuma mutane da yawa, saboda dalilin addini da tsarki, ba sa shigar da kare ɗakin kwana. Maras gashi kuwa ba zai iya wannan rayuwa ba. Sholo babba yana da faɗakarwa, zai yi haushi idan baƙo ya taɓa ƙofa, amma ba karen da za a ɗaure a gindin bishiya ba ne, kuma shiga daji da shi yana nufin dawowa da fata duk yankan ƙaya. Wanda ba zai iya ware masa ɗaki mai rufi, mai tsabta, mai inuwa da rana da ɗumi da dare ba, bai kamata ya ɗauke shi ba, kuma karen gida mai gajeren gashi da ya saba da yanayinmu ya fi masa alheri nesa ba kusa ba.

Kula da fatar kanta yana bukatar tsaka-tsaki, kuma a ganina yawan kulawa ya fi ƙarancinta ɓata fatar waɗannan karnuka. Ramukan gashi suna nan a fatar ko da gashin bai fito ba, kuma maiƙo da matacciyar fata sukan toshe su, sai a ga baƙaƙen ɗigo da ƙuraje a gadon baya da wuya da cinyoyi, musamman a shekarar farko lokacin balaga, bayan haka sukan ragu. Mai kare idan ya ga haka yakan ƙara wanka, wankan ya busar da fata, ya ga ta bushe ya lafta mai, man ya ƙara toshe ramukan, ƙurajen su ƙaru. Wanka sau ɗaya a mako ɗaya ko biyu da sabulun karnuka mara ƙarfi ya wadatar, a tsakani kuma a goge ƙura da tsumma mai laushi da ruwan ɗumi. Kada a yi amfani da garin sabulun wanki, ko maganin wanke bayan gida, ko soso mai kaushi. Idan iskar hunturu ta busar da fata, a shafa mai kaɗan mara turare a inda ya bushe kawai. Man kaɗanya ɗan kaɗan a gwiwa ko gefen kunne ba laifi, amma shafe jiki duka da mai mai kauri yana jawo ƙura da ƙuraje. Mayukan da mutane ke shafawa don hasken fata kuwa kada su kusanci karen ko kaɗan. Ba a matse ƙurajen da hannu, domin hakan na tura ƙwayoyin cuta ciki ya bar tabo. Idan suka yi ruwa, ko suka yi ja suna zafi, likita zai ba da sabulun magani ko maganin sha. Rigunansa da shimfiɗarsa a riƙa wanke su a kai a kai, domin riga mai datti ita kanta tana kawo ƙuraje.

Ta fuskar ƙwari akwai riba da hasara. Ƙuma ba ta samun wurin ɓuya, kaska kuma ana ganinta nan take a cire, sai dai a riƙa duba cikin kunne da tsakanin yatsu. Amma sauro da ƙudaje masu cizo suna samun fata a buɗe, kuma gefen kunnuwan nan masu tsayi wuri ne da ƙuda ke ci har ya yi jini. Akwai kuma wani ƙuda a yankunanmu masu damshi wanda ke yin ƙwai a ƙasa mai fitsari ko a jikin tufafin da aka shanya, tsutsarsa ta huda fata ta girma a ciki ta zama kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. Karen da ke sa riga kuma fatarsa a buɗe take yana cikin wannan haɗari ta hanya biyu, don haka a shanya kayansa a igiya cikin rana, kuma a yi musu guga kafin a sa masa. Maganin kaska na ɗigawa a wuya yana iya ƙona fatar wasunsu, shi ya sa likitoci da dama suka fi son ba su na haɗiya. Allurar rigakafi kuwa ba ta da bambanci da ta sauran karnuka: ta cututtukan ƙuruciya daga mako 6 zuwa 8, ta ciwon haukan kare daga wata 3, tare da maimaitawa a kan lokaci.

Haƙoran da suka rage a baki suna bukatar a riƙa goge su kullum ko kusan kullum da buroshi mai laushi da man goge baki na karnuka. Na mutane bai dace ba, domin kare haɗiyewa yake yi, kuma wasu suna ɗauke da wani sinadarin zaƙi mai suna zailitol wanda guba ne gare shi. Kada a ba su ƙashi mai tauri, kada kuma a yi wasan ja-in-ja mai ƙarfi da su. Rashin wasu haƙora ba ya hana su cin abinci, yawancinsu suna cin busasshen abincin karnuka lafiya, wanda ya tsufa ya rasa da yawa sai a jiƙa masa. Likita ya duba bakin aƙalla sau ɗaya a shekara, saboda haƙoran ƙuruciya sukan ƙi faɗuwa, kuma ciwon dasashi yana saurin cinye saiwar da dama gajeriya ce. Wajen yanke farcen mai tukku a yi hankali, domin jijiyar jinin da ke cikin farcensa ta fi ta sauran karnuka tsawo.

Mutane da yawa suna neman waɗannan karnuka ne saboda an ce musu ba sa tayar da atishawa ko asma. Abin da ke tayar wa mutum da wannan ba gashin kansa ba ne, wasu sinadarai ne da ke cikin yawun kare da ɓarɓashin fatarsa da fitsarinsa, maras gashi kuma yana da duka ukun. Wani bincike da aka yi a birnin Ditroyit na Amurka, aka buga a 2011, ya auna ƙurar gidaje ya ga babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin gidajen da ke da jinsunan da ake cewa ba sa tayar da ciwon da sauran gidajen masu kare. Wasu masu ciwon suna samun sauƙi da maras gashi, tunda babu gashin da zai yaɗa sinadarin a kujeru kuma wanke shi ba wuya, amma hanyar sani ɗaya ce, mutum ya zauna da ainihin karen na wasu sa'o'i, fiye da sau ɗaya, kafin ya biya kuɗi.

Idan an kula da su suna da tsawon rai, shekara 12 zuwa 15 abu ne da aka saba gani, wasu ma suna wucewa. Sholo da ɗan Peru ba su da yawan cututtukan gado. Mai tukku ne ke da wasu da ya kamata a bincika: gocewar madubin da ke cikin ƙwayar ido daga mazauninsa, da lalacewar bayan ido a hankali har ta kai ga makanta, da bushewar ido, da gocewar ƙoƙon gwiwa, kuma biyun farko akwai gwajin gado da ake yi wa iyaye a kansu. Duk wanda zai saya ya nemi ganin uwar da sauran 'yan'uwan kwikwiyon, ya nemi takardun rigakafi da sakamakon gwajin, ya buɗe bakin ya duba haƙora. Idan mai sayarwa ya ce layinsa na Sholo ko mai tukku ba ya taɓa haifar mai gashi, ko dai bai san jinsin ba ko kuma yana ɓoye abin da yake yi da masu gashin. Wasu masu tukku kuma ana haifarsu da siririn gashi a jiki duka, a aske su kafin a ɗauki hoto, wanda ya saya sai ya ga gashi yana tsirowa bayan mako biyu, ya zama askin ya hau kansa har abada. A ƙarshe ya tambayi likitan dabbobin da ke kusa da shi ko yana da sabulun magani da man kariyar rana na dabbobi, domin a garuruwa da yawa sai an yi odarsu daga nesa, kuma gara a san haka kafin kwikwiyon ya iso gida.